Norbert Mai Aski da Motar Jan Tirela

Mijin yayata, Norbert Zastrow, ya shekara arba'in da ɗoriya yana tafiya bai bar wuri ɗaya ba. Mai aski ne. Da za a warware zagayen da ya yi wa kujerar askinsa a shimfiɗa a titi, da tuni ya kai teku ya dawo, ya sake komawa ɗauko hularsa. Amma in ka cire 'yan kwanakin da ya yi a asibitin Milwaukee, mutumin nan bai taɓa barci inda ba ya jin warin shanun garinmu ba.

Hanya kuwa ya san ta kamar yunwar cikinsa. Duk wanda ya hau kujerar nan sai ya biya kuɗin aski ya ƙara da labari. Direbobin manyan motoci, yaran da suka dawo daga soja, manoman da suka sayar da garke suka shiga yawon duniya, kowa sai ya zazzage masa inda ya je. Har ta kai in ka ce za ka Montana, Norbert zai gaya maka gidan man da za ka tsaya, da wanda za ka wuce don gahawarsu ruwan wanke-wanke ce.

"Ka taɓa zuwa ne, Norb?" in ji ni.

"Rufe min baki, Rollie, kafin in rage maka kunne."

Ni ne Rollie ɗin, ƙanin matarsa Arlene, autan gidanmu. Da hunturu ni ke ture dusar ƙanƙara daga titi da motar ƙaramar hukuma ina watsa gishiri, da bazara in koma yankan ciyawar gefen hanya. Tun ranar da ya auri yayata kyauta yake min aski, ni kuma ina biyansa da baƙar magana.

Kunnen nawa kuwa shi ya fara shaida. Wata Asabar ina zaune ina zuba, sai na ji almakashi ya ɗebi saman kunnena. Na ƙwalla ihu na ce ashe yau alkawari ya cika. Bai yi dariya ba. Na duba madubi, sai na ga ba ni yake kallo ba. Hannunsa na dama yake kallo, yana ta rawa shi kaɗai kamar an sa masa kiɗa.

Likita ya ce ciwon jijiya ne mai sa kakkarwa, tafiyar hawainiya yake yi amma ba ya komawa baya. Aski dai ya ƙare. Norbert ya tambayi tuƙi. Likita ya ce shekara guda zai iya in yana shan magani a kan kari, bayan nan kuwa ba zai ɗaukar masa alkawari ba.

Ya rufe shago, ya sa muka ciccibo masa kujerar askin nan ta zubin ƙarfe, wadda sai ƙarti uku ke ɗagawa, muka ajiye a garejin gidansa. Daga nan gida ya zama kamar an kulle ɗan akuya a kicin. Ya aske shingen furannin ƙofar gida har ya koma ƙwal. Ya tsallaka ya aske na maƙwabta ba su sa shi ba. Karensu ya koyi shigewa ƙarƙashin gado da ya ji an ja durowar almakashi. Arlene ta kira ni.

"Rollie, ko ka samo masa abin yi, ko ka samo min lauya."

A rumbun wani ɗan kawunmu akwai tirelar mahaifinmu, irin ta kwana, tafi-da-gidanka, ta shekarun sittin. 'Yar ƙarama ce mai zagayayyen baya kamar burodi, rabi fari rabi ruwan ɗorawa, da gado da murhu da teburin da ake naɗewa. A cikinta aka riƙa kai mu bakin tabki muna yara. Lokacin da na kai shi ya gan ta, ɓeraye sun yi jikoki a katifar. Ya zagaya ta sau ba adadi, ya shafa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya shiga ya fito ya sake shiga.

"Baɗi zan kai ta duwatsun yamma," in ji shi. "Ni a sitiyari, Arlene a gefena, kafin ƙanƙara ta rufe hanya."

"Kai da ba ka taɓa jan ko amalanke ba?"

"Na ji labarin yadda ake yi sau dubu."

Hunturun nan kaf a rumbu ya yi shi. Ya canza katako, ya goge alminiyam har kana ganin haƙoranka a ciki, Arlene ta ɗinka labule. Da ƙanƙara ta narke tirela ta fito kamar yau aka ƙera ta. Saura abin da zai ja ta. 'Yar motar Arlene ko kwandon wanki da ƙyar take ja.

To, masu tsofaffin tirela mutane ne masu wata bidi'a tasu. Sukan taru a filin baje koli kowa ya jera tasa, a buɗe ƙofofi jama'a su yi ta shiga suna jinjina kai. A wurinsu kuma tirela ba ta cika sai da motar da ta yi anko da ita, shekara ɗaya, launi ɗaya. Wanda ya jawo tirelar sittin da motar bana za a gaishe shi, a ba shi gahawa, amma ba mai ɗaukar hotonsa. Norbert ya je taro ɗaya tak a watan Mayu ya kwaso cutar.

Na ce masa, "Ga akori-kurata nan. Ta ja abin da ya ninka burodin nan naka."

Ya dube ta sheƙeƙe. "Rollie, in na haɗa su ai an ɗora amarya a motar kwasar shara ke nan."

Sai aka shiga farauta. Ba rumbun da bai leƙa ba, ba gwauruwar da bai gaisar ba don jin ko marigayi ya bar mota a ƙarƙashin tanti. Ya samu ɗaya, ya ce gajeruwa ce, tirela ce za ta riƙa tuƙa ta. Ya samu wata kyakkyawa, ya kwanta ya leƙa ƙasanta ya soka sukudireba, ta shige kamar a biskit saboda tsatsa. Ya miƙe yana nuna ni.

"Kai ka ci ta. Gishirinka ne."

"Da ban watsa ba, da rabin masu zuwa aski a rami suka ƙare."

Wata kuma komai nata lafiya, amma ta girmi tirelar da shekara biyu, ya ce ba za a yi wannan abin kunya da shi ba. A ƙarshe ya samu wagon, doguwa irin ta iyali, tsawonta kamar jirgin ruwa, shekararsu ɗaya da tirela. Lokacin masara tana gwiwa.

Ita kuma tsohuwar mota kamar tsohon haƙori ce, ka taɓa ɗaya na kusa ya amsa. Ran farko lagireto ya tafasa a gaban coci. Aka canza. Bakanike ya ce man giya zai ƙone in ana ja a hawa, sai an ƙara masa wani ɗan lagireto nasa. Aka ƙara. Birkinta irin na da ne, sai ka roƙe shi, aka kwance aka sake. Ƙugiyar ja ba a bamba ake ɗaura ta ba, sai an yi mata walda a ƙashin motar. Aka sa dogayen madubai kamar kunnuwan jaki. Aka ja waya zuwa birkin tirela, aka maƙala wani ɗan akwati a ƙarƙashin dashbod, dama da sitiyari, mai 'yar mariƙa. Bakanike ya tara mu, har da Arlene da ta kawo abinci, ya ce mu saurara.

"In ta fara kaɗa wutsiya, kada a taka birkin mota. A riƙe sitiyari sak, a ɗaga ƙafa daga totur, a matsa wannan mariƙar a hankali. Tirela ta ja baya, sai ta miƙe."

"Na sani," in ji Norbert. "Wani direba ya gaya min tun ba a haife ka ba."

Fenti kaɗai sau uku aka yi shi, don wai ruwan ɗorawar motar ya fi na tirelar fara'a. Masara ta kai ƙugu. Masara ta wuce kai ta fitar da gemu. Norbert ba ya zama ya ci abinci, a tsaye yake ci yana leƙen taga. Ran Juma'a a wurin cin soyayyen kifi na lura ya daina ɗora hannun dama a tebur, a aljihu yake ajiye shi, ga aljihun yana motsi kamar an sa kwaɗo a ciki.

"Norbert," in ji Arlene. In ta kira sunan nan cikakke kowa ya san ba wasa. "Motar ce za ta kalli duwatsun, ko kai?"

"Saura kaɗan."

"Tun Yuni ake saura kaɗan."

A tsakiyar Agusta aka ɗaura auren mota da tirela. Aka yi lodi: tukwanen ƙarfe, kwalaben kokwamba da Arlene ta jiƙa, cuku kamar za a buɗe kanti, tulun gas biyu a hancin tirela, wato ƙarfen gaba da ake maƙalawa a mota. Aka sauke hancin a kan ƙwallon ƙugiya, sai wagon ta durƙusa. Bayanta ya kusa taɓa ƙasa, gabanta ya ɗaga yana kallon sama kamar kare mai haushin wata.

Maganin wannan kowa ya san shi. Akwai sandunan ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙugiya su raba nauyi zuwa tayoyin gaba, kuma suna nan birjik a kanti. Norbert ya ce sababbin baƙaƙe ne munana, za su ɓata hoto. Ya yi odar tsofaffi na zamanin motar daga wani mutum a Ohio, har yau suna hanya. Amma kuma ba zai iya kallon abu a karkace ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana daidaita gashin kunnen hagu da na dama, in ya ga hoto ya karkata a gidan makoki sai ya tashi ya gyara.

Washegari da na zo na tarar da mota da tirela sun miƙe ɗoɗar. Shi kuma yana tsugune a tsallaken titi, ya miƙa matsefi a gaban ido ɗaya yana aunawa.

"Duba nan, ɗan gishiri. Ko da zare ka auna."

"Me ka yi mata?"

"Hikima."

Na leƙa ciki. Duk abin da ke gaba ya mayar da shi baya: tukwane, kwalabe, jarkokin ruwa. Can ƙarshe kuma, a bayan tayoyi, ga kujerar aski zaune an ɗaure ta da igiya. Yaran maƙwabta ya ba alawa suka taya shi turawa a kan katako. Wai da ma yana son abin zama a bakin dutse.

"Norb, an ce fa hanci ne ke son nauyi."

"An ce, an ce. Kai idonka bai gaya maka komai ba?"

Abin ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Muka shiga gwaji, shi a sitiyari, Arlene a gefensa a doguwar kujerar gaba, ni a baya kamar ɗan rakiyar amarya. A cikin gari mutane har ɗaga hannu suke. Wani ya tsaya ya ɗauki hoto, Norbert ya kumbura ya cika kujera. Muka fita bayan gari tsakanin gonaki, lafiya lau. Sai muka iso dogon gangaren nan da ke sauka zuwa tabkin Winnebago.

Mun fara sauka ke nan wata tankar madara ta wuce mu da gudu. Iskarta ta bugi tirela. Na ji bayan motar ya ɗan goce hagu, ya dawo dama. Na waiga. Burodin nan na leƙo ni ta wannan gefe, ya ɓace, ya leƙo ta wancan. Kowace kaɗawa ta fi ta baya. Tayoyi suka fara kuka, ciki kuma kana jin kwalabe suna fashewa.

"Mariƙar!" na yi ihu. "Norb, mariƙar!"

Ya sani. Ya ɗaga ƙafa daga totur, bai taka birki ba, ya riƙe sitiyari da hagu, ya miƙa dama ƙarƙashin dashbod. Hannun ya ƙi. Yana dukan akwatin, yana wuce shi, yana dawowa, kamar tsuntsu a jikin gilashi. Gefen dama rami ne mai zurfi, ni na san zurfinsa don ni ke yanke masa ciyawa.

Arlene ta matso, ta ture hannunsa, ta kama mariƙar da yatsu biyu ta matsa a hankali kamar mai zura zare a allura. Muka ji an ja mu ta baya. Tirela ta kaɗa sau ɗaya, ta sake rabin kaɗawa, ta miƙe. Ba ta saki ba sai da muka gangara filin tsakuwa na bakin tabki muka tsaya.

Ni kaina, da aka ce ko a jana'iza bakina ba ya hutawa, shiru na yi. Abin da kawai ake ji shi ne zoben Norbert yana ƙwanƙwasa sitiyari.

Muka fito. Na kafa dutse a taya, na buɗe makullin ƙugiya, na sa hannu ɗaya na ɗaga hancin tirela kamar murfin tukunya. Ba nauyi ko kaɗan. A ciki kujera ta tsinke igiya ta shige kabad, ruwan kokwamba yana bin ƙasa yana fita ta ƙofa.

"Tankar nan ce," in ji Norbert. "Ka ga gudun da yake? Kuma igiyar nan ruɓaɓɓiya ce. In na mayar da kayan gaba, sandunan suka iso..."

"Za a mayar da kaya gaba," in ji Arlene. "Wannan mai sauƙi ne. Amma ba kujera ce ta kasa kama mariƙa ba, Norbert."

Ya dube ta. Ya dubi tabki. Ya zura hannun a aljihu, ya juya ya kama hanya da ƙafa. Na bi shi ina kira, ko waigowa bai yi ba. Ni na jawo kayan zuwa gida a hankali kamar mai rakiyar gawa, muka wuce shi a hawa, Arlene ta ce kada in tsaya.

Kusan mako guda bai taɓa mota ba, bai kuma zauna ba. Gari ya riƙa zagayawa da ƙafa, daga tashar jirgi zuwa maƙabarta, daga maƙabarta zuwa masana'antar cuku, ya dawo. Mutane suka fara tambayata ko wani abu ya ɓace masa. Arlene ta share kwalabe ta wanke labule.

Ina garejin ƙaramar hukuma ina wasa wuƙar injin yankan ciyawa sai ga shi a kaina.

"Rollie, tsawon yayarka nawa?"

"Shekara arba'in kana tare da ita ba ka auna ba?"

"Ƙafarta nake nufi. Daga ƙugu zuwa diddige."

"Akwatin gawa za ka yi mata?"

"Mota zan nemo mata. Tashi mu je, kai take jin kunya."

"Ni? Ta taɓa wanka da ni a baho ɗaya da kare."

Muka same ta tana yanka tumatir. Da ta ji zancen ta ajiye wuƙa.

"Ni? Ni da ko babban titi ba na hawa? A kanti ma in na tura amalanke sai na zubar da gwangwanaye."

"Ranar nan hannun wa ya kama birki?" in ji Norbert.

"Tsoro ne ya kama."

"To ki taho da tsoron, akwai wuri a mota."

Ba ta yi dariya ba. Norbert ya zagaya tebur, ya gyara gishiri da barkono suka daidaita, ya sake zagayawa.

"Likita ya ba ni shekara guda, na cinye rabinta a fenti. Sitiyarin na haƙura. Ni dai in ga duwatsun nan, Arlene. Ko a buhu ne ki kai ni."

Ta ture tumatir gefe. Sannan ta ce, "In na ce ka yi shiru, za ka yi?"

"Zan gwada."

"Ƙarya yake," in ji ni.

"Na sani," in ji ta, ta cire atamfar girki.

Aka sake shiga farauta, amma yanzu da gaggawa, don ganyen itatuwa ya fara canza launi. Wagon ba ta shiga lissafi ba. Arlene sai da matashi biyu take hango hanya a cikinta, birkin kuma sai ta miƙe tsaye a kansa. Wani daga cikin 'yan ankon nan ya zo ya sayi motar ya ɗauke ta yana lashe baki, Norbert ya shige banɗaki har suka tafi.

Duk inda muka je, shi ke buɗe mata ƙofa, ya kaɗe kujera da hankici, ya zaunar da ita, ya ɗaga kujerar, ya sauke, ya koma baya ya duba ta madubi.

"Ɗaga haɓa. Kina ganin ƙarshen bonet? Taka birki. Har ƙasa. Gwiwa ta miƙe? To ba ita ba ce, sauko."

Masu sayar da mota suka rasa gane kansa. Ba ya tambayar launi, ba ya tambayar shekara. Nawa take iya ja, nawa bayanta ke ɗauka, tsakanin tayar gaba da ta baya akwai tazara, ina mariƙar birkin tirela take, hannun matar nan zai kai ba tare da ta sunkuya ba? Wani yaro mai santsin baki ya ce masa, "Yallaɓai, ai kai ya kamata ka gwada ta." Norbert ya zaro hannun daga aljihu ya ɗaga masa.

"Kana son wannan ya biyo bayanka a titi?"

Wadda ta dace a wurin wani manomi muka same ta. Akori-kura ce mai launin tokar murhu, mai faɗin goshi, ba ta da ko ɗigon kyau. Amma kujerarta na hawa sama, abin takawarta na matsowa, Arlene ta zauna ta ce, "Yauwa." Norbert ya raɗa mata suna Firji. Aka sayo baƙaƙen sandunan nan munana aka ɗaura. Aka fitar da kujerar aski, kaya masu nauyi suka koma gaban tayoyi, a ƙasa. Muka kai sikelin injin niƙan abincin dabbobi, inda manoma ke auna masara, aka auna tirela, aka auna hancinta, aka yi ta matsar da tukwane sai da kashi ɗaya cikin goma da ɗan ƙari ya zauna a hanci.

Saura koyon baya da baya. A filin ajiye motoci na coci aka yi wannan yaƙin, kullum da rana tsaka in ba kowa. Norbert ya koya mata dabarar da ya ji a bakin direbobi: ki sa hannu a ƙasan sitiyari, inda kika kai hannun nan tirela za ta bi. Dabara ta yi. Abin da bai yi ba shi ne malamin. Yana gefen taga yana gudu yana "hagu, hagu, ba wannan hagun ba!" har ta naɗe tirela ta kusa sumbatar ƙofar mota. Ta ce ya koma baya ya yi shiru, ya riƙa nuni da hannu. Ya koma ya ɗaga hannu. Ta leƙo ta taga ta daɗe tana kallo.

"Norbert, hagu kake cewa, ko dama, ko ban kwana kake min?"

Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya dubi hannun ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa, ita ma ta kife a sitiyari. Daga ranar ni na koma mai nuni, shi kuma aka ba shi aikin jera kwandunan shara da take bi ta tsakaninsu. Ta kashe kwanduna da dama. Ta ture allon sanarwar coci sau ɗaya, na ce wa limamin cocin iska ce. Sannu a hankali kwanduna suka daina mutuwa. Muka hau babban titi da ita, manyan motoci na wucewa, ta riƙe sitiyari har yatsunta suka yi fari, tana zagin kowace tanka da kalmomin da ban san yayata ta iya ba.

Sun tashi a ƙarshen Satumba, da safe, agwagin daji na wucewa kudu, rediyo na cewa an fara ganin dusar ƙanƙara a kan tuddan yamma. Norbert ya duba iskar taya sau uku, ya ja sarƙa, ya sa ni na tsaya a baya ina faɗin wace fitila ta kama. Ya shiga gida ya fito, ya koma ya fito da abin da ya riga ya sa a mota. Arlene ta danna oda.

"Ko ka shigo, ko in aiko maka da hoto."

Ya shiga gefen fasinja. Ta ɗauki kwanar farko da faɗi, akwatin wasiƙar maƙwabta ya tsira da ƙyar, suka ɓace bayan masana'antar cuku.

Kwanaki ina jin labari gutsi-gutsi. Sun haye Mississippi. Iska ta tsayar da su yini guda a Dakota, Arlene ta ce ba za ta ja ba, ya zagaya filin sansanin har mai wurin ya ba shi tsintsiya. Gidan man da ya shekara yana yabo ya zama wurin sayar da tayoyi. Sai rediyo ya ce guguwar ƙanƙara na tafe daga arewa, ni kuma na kasa zama, na yi ta gyara garmar ture ƙanƙara da ba abin da ya same ta.

Ina cin abincin rana waya ta yi ƙara. Shi ne, yana haki.

"Rollie! Ɗan gishiri! Mun iso!"

"Ka ga duwatsun?"

"Suna gabana. Tun safe suke fitowa, na ɗauka gajimare ne. Duk mutanen nan da suka ba ni labari, ba wanda ya iya faɗa. Sun yi fari tun daga wuya. An ce jibi za a rufe hanyar sama, mu gobe za mu hau." Ina jin numfashinsa da ƙarar tsakuwa, alamar zagaye yake. "Kuma yayarka ta shigar da tirela tsakanin bishiya biyu da baya, bugu ɗaya, mutane na kallo. Wani tsoho har ya cire hula."

"To yanzu sai ka zauna ka kalla."

"Zan zauna. Ka san me wani ya gaya min yanzu a wurin famfo? Wai daga nan zuwa teku bai kai nisan da muka riga muka yi ba. In aka bi ta kudu ba ƙanƙara."

Daga nesa na jiyo muryar Arlene. "Norbert! Gwiwata ciwo take! Ka zo ka zauna, miya na hucewa!"

Ya rage murya. "Ka ji ko? Gwiwa ta ce. Ba ta ce a'a ba."